Amsar Gwaggo kan matan da suka cika gidan Iya

(Muryar da Gwaggo ta turo guruf ɗin zuri'a daren sadakar uku. An rubuta ta saboda waɗanda wayarsu ba ta buɗe murya.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Iya, Ya haskaka makwancinta. Ku yi haƙuri da muryar, kwana uku ana karɓar gaisuwa, duk ta dushe.

'Yata, na ji saƙonki tun la'asar. Kin ce kin ga mata maƙil a tsakar gida, ba ki san ko ɗaya ba, har da na ruga da ƙoren nononsu, suna kuka kamar uwarsu ce ta rasu, kina tambayar su waye. To ki saurara. Ke kin san Iya kakarki, mai ɓoye miki ƙuli-ƙuli a cikin kwalla in kin dawo hutu daga Dutse. Su kuma a bakin ƙofar gidajensu suka san ta.

Daga kan babanki abin ya faro. Kin san shi ne ɗan fari. Da ƙafarsa ya fara tafiya, yana shekara biyu zazzaɓi ya rufe shi, kwana kaɗan ƙafafun suka saki. A lokacin ba mai cewa cuta ce, cewa ake Inna ce ta sha shi. Ba inda Iya ba ta goya shi ba, a yi hayaƙi, a sha rubutu, har tunkiyarta ta gado sai da ta tafi. Tara ta haifa, mu shida muka rayu, biyu ƙyanda ce ta kwashe su a bazara ɗaya. Ungozomanci kuma a hannun uwar mijinta ta koya, tun ina goye.

A 2003, kina jaririya, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ana cewa an zuba maganin hana haihuwa a ciki. Sai 2004 aka dawo da shi, amma maganar ta riga ta shiga ƙauyuka, har mu nan ƙasar Ringim. Kuma kar ki ɗauka mutane wauta suka yi. Ba a manta da sanƙarau na 1996 ba, da wani kamfanin waje ya gwada magani a kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Ita kanta Iya ta ja baya da farko. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta zaunar da ita, ta ce mata ƙwayar cuta ce, ta bayan gida take fita, ta ruwa da abinci take shiga, kuma ɗigo biyu a bakin yaro, in ana maimaitawa, yana tare ta. Ranar Iya ta dawo ta zauna a gindin turmi har magariba. Tuwon dare ma ba ta taɓa ba.

Da UNICEF ta fara ɗaukar mata masu bi gida-gida kan rigakafi a ƙauyuka wajen 2012, masu shuɗin hijabin nan, mai unguwa bai yi shawara da kowa ba ya ba da sunanta. Ba ta yi boko ba, da ajami take rubuta littafinta: gidan wane, mai ciki wata nawa, jariri ranar suna kaza. Duk sunan da za a yi tana can tun safe, a ɗiga wa jariri kafin a fara rabon waina.

Akwai wani gida da na raka ta, ba zan manta ba. Maigidan ya ce ko sarki ne ya zo ba za a taɓa masa yara ba. Iya ta cire takalmi, ta zauna a ƙasan zaure, ta ce a ba ta ruwa. Ta sha, sannan ta ce, “Malam, ni ba ilimi na kawo maka ba. Ka san na gidana, mai gyaran rediyo a Gujungu ran Lahadi. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda yake tura kekensa da hannu a cikin caɓin damina?” Kin ji, na gidana. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, kunyar ɗan fari, amma da shi take ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Sau biyar muna komawa gidan nan. A na biyar da kansa ya fito da yaran, aka ɗiga, aka shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, aka rubuta alli a bango.

Ranar da rediyo ya faɗa, cikin Agustan 2020, cewa an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta asali, tana tsintar wake. Ba ta ce uffan ba. Ta aika yaro ya kira babanki, ta yi masa dambun zogale da man gyaɗa, ta zauna tana kallonsa yana ci.

Matan ruga kuwa, wadda kika gani da jan mayafi tana riƙe da ƙofar ɗaki, naƙuda ta yi kwana biyu. Iya ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfin hannunta. Dangin miji suka ce a ƙara jiƙo, ta ce wallahi ba da ita ba. A amalanke aka fitar da yarinyar zuwa titi, daga nan mota zuwa Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke karɓar haihuwa mai gardama da masu yoyon fitsari tun 2008. Kwana tara Iya ta yi a kan tabarma a gefen gado. Ɗan bai zo da rai ba, amma uwar ga ta nan, 'ya'yanta uku yanzu. Tun daga shekarar ba a taɓa yin sati ƙoren nono bai shigo gidan nan ba.

Ambaliyar 2022 kuma kun gani da idonku. Da aka tara mutane a firamare ita ke kan tukunya, ita ke haɗa wa yara masu gudawa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabi na gishiri. Tana yi tana sa uwar yaro ta maimaita.

Ba zan ɓoye miki ba, mun sha yin fushi. Tsakar dare a buga ƙofa, ta ɗauki tocila ta bar mu. Ɗan alawus ɗin da ake ba ta a sabulu da sabuwar reza yake ƙarewa, na masu jego. Na taɓa ce mata, “Iya, mu ma fa 'ya'ya ne.” Ta ce, “Ku ai kuna da ni.” Maganar nan tun shekaranjiya take dawo mini.

Jiya muna kaɗe shimfiɗarta muka ga littafin a ƙarƙashin matashi. Mata huɗu ne watansu ya kusa. Ɗaya cikin fari ne, ƙafarta ta kumbura, Iya ta ja layi biyu a ƙarƙashin sunanta. Kawu, don Allah ka shigo da safe ka karanta mini sauran, ajamin nata ba duka nake ganewa ba. In Allah Ya kai mu, da hantsi zan je gidan yarinyar, a kai ta a gwada jininta. Wanda yake da lambar direban da Iya take kira, ya turo mini yau.

Ke kuma 'yata, ki kira babanki. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Kar ki ɗauko masa zancen nan, ki gaishe shi kawai, ki tambaye shi ko ya ci abinci.