Ƙanwata tana hannun magajiya a ƙasar waje: in ta kai ƙara, ita za a kama?

Malama, na karanta wasiƙarki. Kin ce wata mata ta kai ƙanwarki ƙasar waje da alkawarin aikin gida, da suka sauka ta karɓe mata fasfo, ta ɗora mata bashin kuɗin tafiya, ta ce da karuwanci za ta biya. Ƙanwar tana tsoron zuwa wurin 'yan sanda don magajiyar ta ce ita za a ɗaure. Ba ki faɗa mini ƙasar ba, kuma amsar ta rataya a kan wannan, don haka zan bi miki ta yadda dokokin suke.

Ƙasashe ba su yi baki ɗaya a kan wannan sana'a ba. A Saudiyya da kusan duk jihohin Amurka laifi ce, mai sayarwa da mai saye duk ana hukunta su. Suwidin ta ɗauki wata hanya a 1999: namijin da ya biya ake kamawa, macen ba ta da laifi. Norwe ta bi sahu a 2009, Faransa a 2016. Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a 2000, Jamus ta halatta sana'ar a 2002 bisa sharuɗɗa. Masu goyon bayan halattawa suna cewa macen da ba ta tsoron kamu ita ce ke iya kai ƙarar wanda ya doke ta. Masu adawa suna cewa halattawa tana buɗe wa masu safara kasuwa. Wannan gardama ta daɗe, amma ba ita ce matsalar ƙanwarki ba.

Abin da kika bayyana, a idon doka, safarar mutane ce. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, wadda mafi yawan ƙasashe suka amince da ita, ta ce duk wanda aka ɗauko ta hanyar yaudara, ko tilas, ko barazana, don a ci da guminsa, an yi safararsa. Ko da da ƙafarta ta hau jirgi, ko da ta ce "na yarda", yardar da aka samo da ƙarya ba yarda ba ce. In kuwa ba ta kai shekara 18 ba lokacin da aka ɗauke ta, ba a ma buƙatar nuna yaudara. Ki riƙe wannan da kyau, domin da kalmar nan ta "ai ke kika yarda" magajiyoyi suke rufe bakin yaran mutane shekara da shekaru. Shi kuwa bashin, ban ga kotun da magajiyar za ta shiga ta ce a karɓar mata kuɗin da ta gindaya a kan tilasta wa mutum karuwanci ba. Kada ku aika mata ko sisi, don biyan ba ya ƙarewa.

In a Turai take, tana da kariya mai ƙarfi. Yarjejeniyar yaƙi da safarar mutane ta Majalisar Turai (Council of Europe) ta 2005 ta ba wanda ake kyautata zaton an yi safararsa aƙalla kwana 30 na hutu da tunani, ba a korarsa daga ƙasar a cikinsu. Italiya, tun 1998, tana ba irin waɗannan mata takardar zama a ƙarƙashin sashe na 18 na dokar shige da fice. Amurka ma tana da biza ta musamman gare su tun 2000.

A ƙasar da karuwancin kansa laifi ne kuwa, ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari. Tana iya zuwa kai ƙara a tsare ta. Can, kada ta fara da ofishin 'yan sanda. Ta fara da ofishin jakadancin ƙasarta, wanda zai iya ba ta takardar komawa gida ko babu fasfo, ko kuma Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, wadda ke taimakon masu son komawa. In an riga an kama ta, sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyenna ta 1963 ya ba ta damar cewa a sanar da jakadancinta. Ta nemi lauya da tafinta, kuma kada ta sa hannu a takardar da ba ta fahimta ba.

Ke ma kina da aiki daga inda kike. Ki adana duk saƙon murya da na rubutu da ke tsakaninku, da lambar magajiyar, da shaidar duk kuɗin da aka taɓa aikawa. Ki kai rahoto ga hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasarku. Kada ki kira magajiyar ki yi mata barazana, don ƙanwarki tana hannunta har yanzu. In kun yi waya, ki tambaye ta sunan titi da wata alama ta kusa da gidan, ki rubuta. Sannan ki gaya mata a fili cewa gida ba ya fushi da ita. Sau da yawa kunyar iyaye ta fi tsoron 'yan sanda riƙe su.

Ki turo mini sunan ƙasar da shekarunta, sai in faɗa miki ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa.