Kifina ya fito da fararen ɗigo, in zuba magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Wata biyu ke nan da na haɗa tankin ruwan gishiri mai cin lita 200, da duwatsun teku da murjani mai rai guda uku. Makon jiya na kawo sabbin kifaye huɗu da jatan lande ɗaya, na juye su ciki rana guda. Washegari jatan landen ya mutu. Yanzu kifi ɗaya ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jikinsa da dutse. Abokina ya ce in zuba maganin jan ƙarfe. In zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah Malam, ajiye kwalbar nan tukuna. Maganin jan ƙarfe yana kashe cutar, gaskiya ne, amma da murjaninka zai tafi, da dodon koɗi, da duk wata halitta marar ƙashin baya. Dutse da yashi kuma shanye shi suke yi, su riƙa sako shi kaɗan-kaɗan. Ni da hannuna na taɓa tsoma ragar da na yi aiki da ita a tankin magani cikin babban tankina ba tare da na ɗauraye ba. Da safe na tarar da jatan landena kwance a gefen dutse, dogon farin gashin bakinsa da kullum ke kaɗawa ya tsaya cak. Har yau abin yana ci mini rai.

Alamun da ka faɗa sun yi kama da ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans. Kwana 3 zuwa 7 take yi a jikin kifi tana ci, sannan ta faɗi ƙasa ta lulluɓe kanta a yashi, ta hayayyafa, 'ya'yan su fito neman wani kifin. Saboda haka idan ɗigon ya ɓace jibi, kada ka ce an warke, ta koma shiri ne. Ka nemi ƙaramin tanki daban, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba da kifi zai ɓuya. Ka kwashe kifayen duka, har waɗanda kake gani garau, ka yi musu maganin a can kana auna shi kullum. Babban tankin ka bar shi babu kifi, domin 'ya'yan ƙwayar su fito su rasa kifin da za su kama, su mutu. An ga ƙwayar da ta yi kwana 72 a lulluɓe kafin ta fashe, shi ya sa ni nake jira kwana 76. Na san da wuya mutum ya zauna yana kallon tanki wayam, amma murjani da dodon koɗi za su ci gaba da harkarsu.

Jatan landen kuwa, ina zargin juyewar ce ta kashe shi. Ba ya jure sauyin gishiri na farat ɗaya. Nan gaba ka zuba shi a bokiti da ruwan ledarsa, ka ɗaure siririn tiyo ya riƙa ɗigo ruwan tankinka ciki kamar awa ɗaya.

Kifi huɗu a rana guda sun yi wa tankin wata biyu yawa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da ammoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa abin da ba ya cutarwa sosai ba su yawaita ba tukuna. Ka auna yau ɗin nan, ammoniya dole ta zama sifili. Gishiri ya tsaya kan 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafi tsakanin digiri 24 da 26 na Celsius. Idan ruwa ya ragu saboda ya tashi a iska, tataccen ruwa marar gishiri za ka ƙara, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Duk sabon kifin da za ka kawo daga yanzu, ya fara yin mako huɗu a ƙaramin tankin nan kana lura da cinsa da numfashinsa. Ka sake rubuto mini da abin da awon ya nuna.