Hukuncin dogaro da ƙirƙirarriyar basira wajen zaɓen maganin sankara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifiyata tana jinyar sankarar mama a nan Abuja. Bayan an yi mata aiki, likita ya zuba sakamakon gwaje-gwajenta a wata manhaja, ta fitar da kiyasin amfanin da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zai yi mata nan da shekara 10. Kawunmu ya ce wannan duba ne. Ni kuma na saka takardun a ChatGPT, ya ce mini ƙwayar tamoksifen kaɗai tana iya isa. Tana jin jiki da kemon, saura zagaye uku. Mu dakatar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Neman magani halal ne, ba sai an ja zance ba. Abin da likita ya yi ma halal ne.

Kawunku, Allah Ya saka masa da alheri kan kishin aƙida, bai dace da daidai ba. Ɗan duba, wanda hadisin Muslim ya ce ba a karɓar sallar kwana arba'in ta wanda ya je ya tambaye shi, yana da'awar sanin gaibu ne ta hanyar aljani, ko zanen ƙasa, ko taurari, abubuwan da babu wata alaƙar sababi tsakaninsu da labarin da yake bayarwa. Manhajar nan kuwa me aka ba ta? Shekarun mara lafiya, girman ƙarin da aka cire, yawan kaluluwar hammata da cutar ta taɓa, da sakamakon gwaje-gwaje uku na tsokar da ke nuna nau'in sankarar: ER, PR da HER2. Ta gwama su da bayanan dubban matan da aka yi wa magani a baya, ta ce cikin ɗari masu irin wannan hali, kaza ne suka amfana. Ba ta san ajalin Hajiya ba, ba ta ma san ko tana cikin kazan ba. Wannan kafa hujja ne da alamomi, kamar manomi ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce za a yi ruwa. Annabi (SAW) ya yi farin ciki da Mujazziz al-Mudliji, mai gane dangantaka ta kamanni, ya dubi ƙafafun Zaid da ɗansa Usama ya ce daga juna suke. Da hukunci da alama bokanci ne, da bai yi murna ba. In kawu ya ce ai lissafin a ɓoye yake, to wanda ke cikin na'urar awon sukari ma a ɓoye yake gare shi. Haramcin zai shigo ne in mutum ya ƙudurce cewa abin da ta faɗa yankakke ne, babu makawa.

Inda hukunci ya canza shi ne naka aikin, ɗana. Tambayar ChatGPT don ka fahimci takarda babu laifi. Dakatar da kemo da maganarsa bai halatta gare ka ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta auku. Na'ura ba mukallafa ba ce, nauyin a wuyanka zai sauka. Tamoksifen yana aiki ne in ƙarin mai amsa sinadarin mata ne, kuma ko da haka, in cutar ta kai kaluluwa, sau da yawa kemo ake fara yi sannan a ɗora ƙwayar shekara 5 zuwa 10. ChatGPT bai duba Hajiya ba, kuma yakan faɗi kuskure da cikakkiyar gadara. Ko manhajar Watson ta kamfanin IBM, da aka gina musamman don sankara, a 2018 rahotanni sun fito cewa ta ba da wasu shawarwari masu haɗari.

Likitan ma akwai sharaɗi a kansa: ya auna abin da manhaja ta fitar da iliminsa. Yawancin irin waɗannan manhajoji da bayanan matan Turai da Amurka aka gina su, alhali nau'in sankarar da gwajin ER, PR da HER2 duka ke fitowa babu ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma.

Na lura ka ce "mu dakatar", ba ka faɗi ra'ayin Hajiya ba. Jikinta ne, matuƙar tana cikin hankalinta izini nata ne, ba naka ko na kawu ba. Ku koma wurin likita tare da ita, ku faɗi wahalar dalla-dalla: amai, rashin cin abinci, gyambon baki. Ana iya canza maganin amai, a rage awo, ko a ɗaga zagaye in jininta ya yi ƙasa. In zafin jikinta ya kai digiri 38 tsakanin zagaye, asibiti a daren, kada a jira asuba. A ci gaba da addu'a da ruƙiya, amma kada a haɗa mata jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba. Takardunta kuma sirrinta ne. Ka nemi izininta, ka rufe suna da lambar kati kafin ka sake ɗora su a intanet.

Wallahu a'alam.