Hukuncin ɗebo ƙasar Dutsen Uhudu don neman waraka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Ƙofar Sauri ne a Katsina, bana in sha Allahu zan tafi Umara. Mahaifiyata ta ce in mun je ziyarar Uhudu in ɗebo mata ƙasar wurin, ta riƙa jiƙawa tana shafa wa ƙafarta da ta daɗe tana ciwo. Ba na son saɓa mata. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya kai ka ya dawo da kai lafiya.

Ziyarar kanta, je ka yi. Uhudu na arewa da Masallacin Annabi da kamar kilomita 5, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) ya ce dutse ne da yake son mu, muke son sa. A gindinsa aka gwabza a Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira, Musulmi 700 da Ƙuraishawa 3,000. Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Bayan shekara 8 Annabi ya koma ya yi musu addu'a kamar mai bankwana. Kai ma ka tsaya gaban maƙabartar, ka yi musu sallama da addu'a. In da ƙarfi ka hau ɗan tudun maharba, inda aka tsayar da mutum 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu aka ce kada su motsa. Daga can za ka ga ta inda Khalid ɗan Walid ya kewayo da dawakai bayan mafi yawan maharban sun sauka.

Amma ɗebo ƙasa don waraka bai halatta ba. Ba a cewa abu kaza na da albarka ta musamman sai da nassi. Son da ke tsakaninmu da dutsen ya tabbata, waraka a cikin ƙasarsa kuwa babu dalili a kai. Mutanen Madina da iyayensu da 'ya'yansu ke kwance a wurin sun fi mu kusa da shi, sun yi ciwo, sun yi jinya, ba a ruwaito sun jiƙa ƙasarsa ba. Ga shi kuma Uhudu na cikin haramin Madina, malamai da dama, irin su Imam Nawawi, sun hana fitar da ƙasar harami da duwatsunsa. Na sha ganin alhazanmu sun durƙusa suna cika leda, wata na ƙulle tsakuwa a bakin mayafi. Abin na sosa mini rai, don na san ƙauna ce ta sa su, ba a dai koya musu ba.

Hajiya kuwa, kada ka ce mata "bidi'a ce" ka juya. Zauna kusa da ita, ka ce: "Hajiya, na yi tambaya, an nuna mini abin da ya fi ƙasa." Ka kawo mata zamzam, wanda hadisi ya zo da albarkarsa da warakarsa, ta sha ta shafa. Ka haɗo da dabinon ajwa na Madina. Ka ambaci sunanta a addu'arka cikin Rauda da lokacin ɗawafi. Kafin ka tashi kuma, ka kai ta asibiti a duba ƙafar nan, musamman in tana da ciwon suga.

Wallahu a'alam.