Filin Lafiya: Likita Ya Ce In Nemi Jinyar Gyaran Tunani

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata 4 ke nan ba na jin daɗin komai. Ina farkawa ƙarfe 3 na dare barci ya ƙi dawowa, abinci ya fita raina, biki da gaisuwa duk na daina zuwa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ce in nemi wata jinya da ake kira CBT. Maigidana ya ce ai hira ce kawai, in hira nake so ga yayata nan. Mene ne bambancin, kuma ina zan same ta a Kano?
Daga wata malamar firamare, Gwale.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya yaye miki. Hirar da kike yi da yayarki kada ki bar ta, tana sanyaya zuciya. Sai dai abin da likita ya tura ki nema darasi ne mai manhaja: da ranar farawa, da ranar gamawa, da aikin gida, da ma'aunin da ake duba ko sauƙi na samuwa. Mu muna kiran ta jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, amma a asibiti waɗannan haruffa uku za ki faɗa a gane ki.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara ta a shekarun 1960. Ya lura tunanin mai ciwon damuwa kan karkata ta fuska uku: ya ga kansa ba shi da amfani, ya ga duniya ta juya masa baya, ya ga babu alheri a gaba. Ga misali daga wurin aikinki. Kin gaida abokiyar aiki da safe ba ta amsa ba. Nan take zuciya ta ce miki, "Kowa ya gaji da ni." Ƙirji ya yi nauyi, lokacin tara kika ƙi shiga ofishin malamai, kika zauna a aji ke kaɗai. Da babu wanda ya leƙo ki, sai zuciyar ta ce, "Ba na gaya miki ba?" Tunani ya haifi ƙunci, ƙunci ya haifi janyewa, janyewa ta dawo ta zama shaidar tunanin. Wannan zagayen ake koya miki katsewa.

Ana zama sau ɗaya a mako, minti 50 zuwa awa 1, galibi zama 12 zuwa 20. Na farko da na biyu na ɗaukar tarihi ne, kuma a nan ake cike wata takarda mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, kan yadda kika kasance a mako 2 da suka wuce. Makinta daga 0 ne zuwa 27. Daga 5 zuwa 9 ciwon mai sauƙi ne, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani ne. Ki rubuta makinki na ranar farko ki adana, da shi za a riƙa gwada na gaba.

Daga nan ba kan tunani ake fara aiki ba, kan motsi ake farawa. Za ku zana jadawalin mako, a saka ƙananan abubuwan da kika daina: tafiyar minti 10 bayan la'asar, kiran ƙawa ɗaya ranar Laraba, leƙa maƙwabciya ranar Juma'a. Bayan kowanne ki ba shi maki daga 0 zuwa 10 kan daɗin da kika ji, da wani makin kan jin cewa kin iya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jiran sha'awa ta dawo kafin a tashi. A wannan ciwon sai an motsa tukuna sha'awar take biyo baya, kuma a hankali take zuwa. Kuskure na biyu shi ne ɗaukar babban kaya: wadda ta yi wata 4 ba ta fita ba, in ta fara da wunin biki, za ta dawo a galabaice ta ce abin ba ya aiki.

Bayan 'yan makonni sai a shiga rubuta tunani. Ki raba shafi gida 5: abin da ya faru, tunanin da ya faɗo miki, yadda kika ji da ƙarfinsa cikin 100, hujjojin da ke goyon bayan tunanin da waɗanda ke ƙaryata shi, sannan tunanin da ya fi kusa da gaskiya. Ba a son ki rubuta "kowa na ƙaunata," domin zuciyarki ba za ta yarda ba. Abin da ake so shi ne irin wannan: "Ba ta amsa ba, amma tana kan waya, kuma shekaranjiya ita ta fara gaishe ni." In ƙuncin ya sauko daga 80 zuwa 55, aikin ya yi. Zaman ƙarshe kuwa na shirin gaba ne: ki san alamunki na farko, misali farkawar nan ta ƙarfe 3, da abin da za ki yi ranar da suka dawo.

A Kano ki fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, ko asibitin Dawanau. Ki karɓi takardar turawa daga likitan da ya duba ki, ki ce kina son ganin masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda ma'aikata ke kira saikolojis. Masu wannan horon ba su da yawa, don haka layi na iya tsawo. Ranar farko ki yi tambaya uku ba tare da jin nauyi ba: an horar da shi kan wannan jinyar? Zama nawa yake hasashe? Nawa ne kuɗin kowane zama? Ki haɗa da kuɗin adaidaita na zuwa asibiti aƙalla sau 12, ki kuma nemi izinin shugaban makaranta na rana ɗaya tsayayya a mako. Da yawa ba jinyar ce ke gagarar su ba, zirga-zirgar ce ke yanke su.

TAMBAYA: Na je zama 6 a wani asibitin kuɗi, ban ga canji ba. Ina faɗin damuwata, a ce in yi haƙuri in rage tunani. An ba ni takarda in riƙa cikewa, ni kuwa bokona bai yi nisa ba, kuma ba na so yaran shago su gani. Bashin masu kaya ne ya sa ni a gaba.
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji, Allah ya warware. Abu uku muka gani a wasiƙarka.

"Yi haƙuri, rage tunani" nasiha ce, kuma ka riga ka ji ta a gida da masallaci kyauta. A zaman jinya na gaskiya ana farawa da duba aikin makon jiya, a tsayar da abin da za a tattauna yau, a rabu da sabon aiki a hannu. Ana kuma sake cike takardar maki bayan kowane 'yan makonni. In maki ya ragu da rabi, jinya ta kama. In ya sauko ƙasa da 5, ana cewa ciwon ya lafa. Zama 6 babu maki babu tsari, haƙƙinka ne ka tambayi dalili ko ka sauya hannu.

Batun takarda kuwa ba dalilin bari ba ne. Ka rubuta da ajami, ko ka naɗi muryarka a waya na minti 2 bayan ka rufe shago, ka sa wa wayar lambar sirri. Awa 1 ce kawai kake gaban mai jinya a mako, sauran awa 167 kana kasuwa da gida, kuma a can ciwon yake.

Sai bashi. Bashi ba karkataccen tunani ba ne, gaskiya ne, kuma babu mai jinyar kirki da zai ce ka ɗauka babu shi. Abin da ake yi shi ne a fitar da shi daga kai a sa shi a takarda: wa ke binka, nawa, wanne ya fi gaggawa. A jero hanyoyi, har da waɗanda ka raina, a zaɓi ɗaya, a sa mata rana, misali zuwa wurin mutum ɗaya tare da dattijon layinku a nemi biya kashi-kashi. Abin da jinya ke gyarawa shi ne abin da zuciya ta ɗora a kan bashin: "Na gama yawo, mutuncina ya zube har abada." Muna kuma roƙonka ka faɗa wa likita gaskiya in kana shan tiramadol ko maganin tari mai kodin ko ƙwayar barci don samun sauƙi, domin suna hana jinya kamawa. A duba maka jini, da suga, da aikin ƙullin maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod. Raguwar aikinsa na kawo kasala mai kama da ciwon damuwa.

TAMBAYA: An rubuta mini maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine amma ina tsoron in saba da shi. Jinyar magana kaɗai ba za ta isa ba?
Daga wani ɗalibi, Kabuga.

AMSA: Ɗan'uwa, in ciwon mai sauƙi ne ko matsakaici tana iya isa. In ya yi tsanani, har tashi daga gado ya zama aiki, haɗa biyun ya fi, domin wanda ba ya iya tattara hankalinsa ba zai iya aikin gida ba. Wannan maganin ba ya sa maye ko ƙishirwar ƙari irin ta kayan shaye-shaye. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin amfaninsa, wani lokaci har 6, kuma tashin zuciya ko ciwon kai na iya rigan amfanin zuwa. A nan mutane ke jefar da shi. Bayan an warke ana ci gaba aƙalla wata 6, sannan likita ya janye shi a hankali. Abu ɗaya kada ka ɓoye: in ka taɓa yin kwanaki ba ka buƙatar barci, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi, ka faɗa kafin ka fara sha. Wannan wani ciwon ne daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da shi.

TAMBAYA: 'Yata ta haihu wata 2 da suka wuce, tana wankan jego a wurina. Kullum kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, shekaranjiya ta ce gara ta mutu ta huta. Dangi sun ce a yi ruƙiya. In nema mata wannan jinyar?
Daga wata uwa, Fagge.

AMSA: Hajiya, wannan ba ta jiran layin saikolojis ba ce. Ki kai ta sashen gaggawa ko wurin likitan ƙwaƙwalwa yau, ki maimaita masa kalmar da ta faɗa yadda ta faɗe ta. 'Yar ƙwalla da sauyin rai na kwanakin farko bayan haihuwa kan wuce cikin mako 2. Abin da ya kai wata 2 ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, kuma akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha. Addu'a da karatu ku ci gaba da su a gida da asibiti, babu mai hana ku. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗauri, ko hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a ce mata raunin imani ne.

Kafin ku fita, ki kwashe fiya-fiya, da maganin ɓera, da duk ƙwayoyin da ke gidan ki kulle. Kada a bar ta ita kaɗai, dare ko rana, kuma wata ta karɓi renon dare don ta samu barcin awa 4 ko 5 a jere. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta kai tsaye, da taushin murya, ko tana tunanin kashe kanta ko cutar da jaririn. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta fara jin muryoyi, ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, ko ta kwana biyu ido biyu tana sambatu, ko da tsakar dare ne ku tafi. Jinyar gyaran tunani za ta zo daga baya, in ta fara barci da cin abinci, kuma ku nemi mijinta ya halarci zama ɗaya ko biyu daga ciki.