Tambaya da Amsa: So ne ko neman matsayi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Faransanci ce a wata sakandare a Argungu. Ƙanena da ke fatauci ta Kamba ya kawo mini wani tsohon fim daga Yamai, Le Rouge et le Noir. Sau biyu na kalle shi, har yanzu zuciyata ba ta natsu ba. Shin saurayin nan son matan yake yi, ko tsani ya mayar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fim ɗin na 1954 ne, Claude Autant-Lara ya ba da umarni, daga littafin Stendhal na 1830. Julien Sorel ɗan mai yankan katako ne, ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga zafin rai irin na wanda aka raina tun yana yaro. A zamanin Napoleon ɗan talaka kan ɗaukaka ta aikin soja. Bayan faɗuwarsa sai ƙofar coci ta rage, shi ya sa a sunan littafin, wato Ja da Baƙi, da yawa ke fassara jan da kakin soja, baƙin da rigar limaman coci.

A ganina, da farko ba so ba ne. A littafin, da aka ɗauke shi koyar da 'ya'yan magajin gari, ya yi wa kansa alkawari wani dare a lambu: in ƙarfe 10 ta buga bai kama hannun matar maigidan, Madame de Rênal, ba, zai harbe kansa. Wannan ai yaƙi ne da masu kuɗi, baiwar Allah Madame de Rênal kuwa da zuciya ɗaya ta karɓe shi. Haka ya yi da Mathilde, 'yar babban basarake a Paris.

Abin da ya rikita ki, ina jin, Gérard Philipe ne, ɗan wasan da ya fito a matsayin Julien. Farin jininsa ya yi yawa, sai mai kallo ya yafe masa tun kafin ya yi laifin. Ina ƙaunar wasansa, amma ya tausasa Julien.

Ki nemi littafin, Malama, ki tsaya a babin kurkuku. Bayan ya harbi Madame de Rênal a coci saboda wasiƙar da ta tona masa asiri, ko da yake ba ta mutu ba, an yanke masa hukuncin kisa, babu sauran abin da zai ci da ita. A nan ne ya gane ita yake so. Kwana uku bayan an sare kansa ita ma ta rasu, rungume da 'ya'yanta.