Asalin kamfanin Honda da ƙarkon motar Accord

Ka yi tambaya kan asalin kamfanin Honda da kuma ko Accord ta cancanci a saye ta. Soichiro Honda ne ya kafa kamfanin a Hamamatsu ta ƙasar Japan a 1948, kuma da babura ya fara, bai shiga ƙera motoci ba sai 1963. Accord ta fito a 1976.

Masu ita kan yaba ƙarkon injinta da daɗin tuƙinta, amma a hanyoyinmu masu ramuka sukan koka da ƙafafun gaba, waɗanda ke buƙatar dubawa a kai a kai. A ganina, idan ta hannu za ka saya, ka tafi da amintaccen makanike ya duba ƙafa da giya kafin ka biya.